Wayoyi Biyar Zuwa Ɗakin Inna Jumai

"To wayar Ramlat me take yi a aljihunka? Ga ta Fanta ma!"

"Sakina, tsaya ki ji..."

"Ba abin da zan ji!"

A zauren Malam Sallau na Fassi ake wannan, tsakanin 'yarsa Sakinatu da Muntari, ni kuwa katanga ɗaya ce tsakaninmu. Muntari mai gyaran waya ne a Rano. Tun ranar da Sakinatu ta kai masa wayarta da ta faɗa cikin kunu, yaron nan bai sake zama daidai ba. Malam kuwa ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai leƙa asirin wayoyin mutane ba. Zancen yana tara wayoyin 'yan mata kuwa, Allah ya yafe mini, ni na kai shi gidan.

Lokacin Inna Jumai, uwar Sakinatu, ta yi wata uku a kwance. Burinta ɗaya, ta ga fuskar ɗanta Lukman, wanda ya shekara shida a Libiya. Sabis kuwa sai bakin titi, ita kuma ko juya ta aka yi sai ta yi ƙara.

Washegari saƙon Muntari ya shigo wayar Sakinatu:

"Sanyin idona, wayoyinmu in sun kama waifai ba sa rabawa, in suna rabawa ba sa kamawa. Kwana huɗu ina sauya musu manhajar ciki don kowace ta karɓa kuma ta miƙa a lokaci guda. Saboda Inna na aro su."

Sakinatu ta daɗe tana kuka kafin ta rubuta: "Muntarina, ka zo."

Ya jera su, ɗaya bakin titi, ɗaya a reshen darbejiya, ɗaya kan katangata, ɗaya a zaure, ta ƙarshe gefen matashin Inna. Sau biyu kiran bidiyon yana yankewa. A na uku Lukman ya bayyana.

"Ɗan nan, ka rame," in ji Inna, tana shafa gilashin.

Kwana biyu a tsakani ta cika.

Ranar sadakar bakwai Muntari ya durƙusa a zaure. Malam bai ko dube shi ba.

"Har gobe ba na son sana'arka."

"Na sani, Baba."

"Bayan arba'in ka turo manyanka. Allah ya yi muku albarka, ya..."

Malamin da bai zub da hawaye ko a maƙabarta ba ya miƙe, ya bar takalmansa a nan, ya fice ya bugo ƙofar garam.