Mai Jira a Lungun Chagoua

Ana dab da magariba Inna Hajjo ta aika a kira babban ɗanta Abdulmuhaimin daga kantin yadinsa na Bololo. Ƙanensa Taufiq bai kwana gida ba, an ce an gan shi a unguwar Chagoua, gidan masu sayar da giyar argi.

"Je ka taho min da shi," in ji ta.

"Inna, wannan ƙazamin? Ni kunya nake ji a ce cikinmu ɗaya."

Amma ya tafi. Abdulmuhaimin mutum ne mai farar riga da sahun gaba a masallaci, ba ya amsa sallamar mashayi. Abin da ba wanda ya sani shi ne ƙwayar tramol da yake saya a ɓoye wurin wani mai talla. Da ciwon baya ya fara. Bayan ya daɗe da warkewa, ƙwayar ba ta bar aljihunsa ba. Shi a wurinsa magani ne. Kafin ya hau klando, babur ɗin haya, ma sai da ya haɗiye biyu.

Mai babur ya sauke shi inda gudron, wato titin kwalta, ya ƙare. Ya shiga lungu yana tattare riga. Warin tsamin giyar bili-bili da hayaƙin kifi sun cika wurin. Wani gida rediyo na kiɗa, mata na dariya.

Ya sha wata kwana, sai komai ya ɗauke. Ba kiɗa, ba dariya. Sai ƙarar takalminsa.

Ya tsaya. Takalmin ya ƙara taku ɗaya.

A gindin wata katanga wani mutum na tsugune, ya ba shi baya. Rigarsa ta yi dauɗa, ƙashin bayansa duk a waje. Wani wari na tashi daga jikinsa, na zufa da ɗacin magani.

"Taufiq. Tashi, ɗan asara."

Mutumin ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Abdulmuhaimin ya san dariyar. Ita yake yi idan ya ga mashayi ya faɗa kwata.

"Ba Taufiq ba ne, Alhaji."

Mutumin ya waiwayo a hankali. Aikin wuyan rigar irin na Abdulmuhaimin ne. Tabon sallar nasa ne. Har haƙorin da ya karye a gefe. Sai dai idanun sun faɗa, leɓen ya bushe ya tsage.

Abdulmuhaimin ya buɗe baki zai yi a'uziyya. Harshen ya ƙi.

"Bar wahalar da kanka," in ji mutumin cikin raɗa. "Ba baƙo ba ne ni. Kai kake ciyar da ni. Safe biyu, la'asar biyu. Ka sa ƙofa ka rufe ni, ka fita kana wa mutane wa'azi."

"Magani ne."

"Magani." Ya maimaita da ƙyama. "Taufiq ko banza a fili yake faɗuwa, da sunansa. Kai fa? Matsoraci mai turare."

Ya miƙa hannu. Farcen sun yi baƙi.

"Ba ni na aljihun."

Abdulmuhaimin ya ga hannunsa na dama ya shiga aljihu. Ba shi ya sa shi ba.

Ya ji ƙarar takardar ƙwayar.

Mutumin ya miƙe. Tsayinsu ɗaya. Numfashinsa sanyi ƙalau.

"Na gaji da zaman lungu," ya ce. "Yau ni zan je gida. Kai ka tsuguna."

Gwiwoyin Abdulmuhaimin suka fara lanƙwashewa.

Bayansa ya taɓa katangar.

Sai wani ya fizgi wuyan rigarsa ta gefe, suka zube tare cikin kwata. Kiɗan rediyo ya dawo. Taufiq ne, yana warin argi, yana haki.

"Yaya, me kake yi a nan? Da wa kake magana?"

"Ba ka gan shi ba?"

Taufiq ya dubi katangar, ya dubi ƙwayoyin da suka watse a laka. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya jefa a kwata. Shi ya goya yayan nasa har bakin gudron.

Abdulmuhaimin ya yi jinya. Da ya tashi, ya gaya wa kowa cewa aljanin gidan giya ne ya shafe shi, kuma Taufiq ne sila. Aka yi ta ruƙiyya, aka yi ta tsine wa Taufiq. Taufiq bai tona shi ba. Ya tattara ya koma wurin kawunsu a Diguel, aka ce a can ya daina sha.

Abdulmuhaimin ya canza mai tallan ƙwaya, ya ƙara turare.

Matarsa Sharifa ce ta daina zama gidan ita kaɗai. Ta gaya wa Inna Hajjo cewa da la'asar takan ji muryarsa daga ɗaki yana cewa ta kawo ruwa. Sau ɗaya ta kai, ta ajiye a bakin ƙofa, sannan ta tuna yana kanti. Da ta waiga, kofin ba ya nan.