Wanda Ya Kwance Furofelar Shaho

Ranar Juma'a ce, kasuwar Wudil na tsaka da ci, sai ga wani mutum ya faɗo caji ofis ko sallama babu. Hularsa a hannu, gaban farar rigarsa duk baƙin mai.

Insifekta Dalhatu ya ɗago kai. Ya san shi. Duk garin an san Lukman Injiniya, wanda ya shekara huɗu yana ƙera wata mota a garejinsa na hanyar Darki. Doguwa ce siririya mai kujera ɗaya, ya raɗa mata suna Shaho. Ba ta ɗaukar kaya, ba ta ɗaukar fasinja. Aikinta ɗaya: ta miƙe ɗoɗar ta yi gudun da za a auna a rubuta.

"Yallaɓai, an kashe ni. An sace furofelar Shaho."

"Zauna. Mene ne furofela?"

"Dogon ƙarfen da ke ɗauko ƙarfin inji daga giya ya kai wa tayoyin baya. In babu shi, inji zai yi ta ruri mota na tsaye."

"Ka sayi wani mana."

"Ba na kanti ba ne. Da awo aka yi shi, aka kai Kano aka daidaita nauyinsa. Sabo sai ya ci sati uku. Ni kuwa gobe da safe kaɗai aka ba ni izinin sabuwar hanyar nan da ba a buɗe ba, kilomita takwas. Masu awon gudu sun riga sun sauka. Litinin za a saki hanyar ga motoci. In gobe ta wuce, shi ke nan."

"Wa kake zargi?"

"Tasi'u ɗan gwangwan. Kullum idonsa na kan ƙarafana."

Insifekta ya ɗauki hularsa, ya kira Saja Sanusi suka fita.

Garejin rumfar kwano ce mai ƙofa ɗaya. Lukman ya ce ƙarfe ɗaya ya kulle ya tafi masallaci, biyu da rabi ya dawo. Kwaɗon yana nan a kulle, amma an kwance ƙarfen da ke riƙe da shi daga jikin ƙofa. Ƙusoshin guda huɗu suna jere a cikin murfin gwangwani, a gefen dokin ƙofa.

Shaho na tsaye a kan ramin gyaran mota. Lukman ya fara bayanin injin ba tare da an tambaye shi ba: silinda takwas, tabo biyu masu cusa wa inji iska, fistin da ya sa aka rage wa nauyi, haƙoran giyar baya da ya canza don mota ta yi jinkirin tashi amma ta yi nisan gudu. Insifekta ya bar shi yana magana, ya karɓi tocila ya sauka ramin.

Abu uku ya gani. An mayar da kowane noti kan ƙusarsa. An cusa tsumma mai tsabta a bakin giya don kada mai ya zube. Sannan a jikin faifan ƙarfen da furofela ke haɗuwa da giyar baya, akwai ɗan layin farin alli, sabo fil.

"Wannan allin fa?"

Lukman ya leƙo.  "Alama ce. Kafin a cire furofela akan ja layi, don in za a mayar ya zauna yadda yake."

"Kai ka ja?"

"Ni da fenti nake yi."

"Wa ke yi da alli?"

"Bakanikai da yawa, Yallaɓai."

Insifekta ya fito yana kaɗe gwiwar wandonsa. Shekara goma sha tara yana bin sawun ɓarayi, bai taɓa ganin wanda ya tsaya yana tausayin man giyar mai kaya ba.

Tasi'u yana bayan kara, kasuwar shanu, cikin tulin tsofaffin ƙarafa, yana auna wani murfin inji.

"Ina kake daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi?"

"Masallaci mana, ranka ya daɗe. Sahun gaba ma."

"A kan me liman ya yi huɗuba?"

Tasi'u ya sosa ƙeya. "A kan... tsoron Allah."

"Saja, kawo ankwa."

"Tsaya, tsaya! Wallahi barci ne ya kwashe ni a cikin waccan tsohuwar bas, ban farka ba sai da aka sallame. Kada dai ya kai kunnen surukina."

Insifekta ya gaya masa abin da ya ɓata da yadda aka cire shi. Tasi'u ya tuntsire da dariya.

"Ni in tsaya kwance noti? Ranka ya daɗe, guduma da zarto ne sana'ata. Minti biyu na gama. Wannan aikin masu ladabi ne. Ku tambayi Lukman me ya haɗa shi da kawunsa ranar Laraba. Har nan ake jiyo su."

"Wane kawun?"

"Malam Isyaku, ƙanin marigayiya mahaifiyarsa. Shi ya rene shi, shi ya koya masa riƙe sifana. Ranar Laraba Lukman ya karɓe mukullin garejin daga hannunsa, a gaban mutane."

A hanyar komawa Insifekta ya yi ta juya maganar a ransa. Wanda ake zargi ya yi masa ƙarya, wannan ya saba. Amma mai ƙara ma ya ɓoye masa magana, kuma wannan ita ta fi tsaya masa a rai.

Daura da garejin akwai wata dattijuwa, Hanifa, mai sayar da fura a gindin darbejiya. Suka gaisa, ya tambayi kasuwa, ta tambayi aiki da iyali.

"Iya, da aka tafi masallaci, wa kika gani ya fito ta lungun nan da kaya?"

"Kaya? Babu. Masu tafiya salla ne kawai, kowa da tabarmarsa."

"Har da Malam Isyaku?"

"Har da shi, a makare ma. Na ce masa, Malam, yau kai ne da tabarma? Mutumin da tun hantsi yake kama wuri a kan kafet ɗin ciki? Ko kallona bai yi ba."

"Yaya ya riƙe ta?"

Ta ajiye ludayi. "Ka ga kuwa, a kafaɗa ya saɓa ta, har yana karkacewa. Na ce tsufa dai ya zo wa Malam."

Malam Isyaku yana zaune a ƙofar gidansa yana wanke kafireton wata mota a cikin kwano. Tsoho ne gajere, yatsunsa sun yi kanta. Insifekta ya zo da Saja da Lukman. Tsohon ya amsa gaisuwar 'yan sanda, bai dubi ɗan 'yar'uwarsa ba.

"Malam, a ina ka yi Juma'a?"

"Inda na saba."

"Ciki ko waje?"

"Ciki."

"To me ka yi da tabarma?"

Hannun tsohon ya tsaya a cikin kwanon. Insifekta ya dubi aljihun rigarsa, bakin aljihun ya yi fari da garin alli. A zaure kuwa, a kan benci, ga tabarma a naɗe, an tallafe ta da tsumma a wuri uku. Saja ya warware ta. Furofelar ce, an shafe ta da giris.

"Kawu!" in ji Lukman.

Malam Isyaku ya goge hannu ya miƙe. "Ni na ɗauka. Ban yi Juma'a ba yau, karo na farko tun ina saurayi, Allah Ya yafe mini. Kuma in aka mayar da ƙarfen nan yanzu, kafin magariba zan sake cire shi. Rubuta haka, Insifekta."

"Me ya sa?"

"Tambaye shi abin da na gaya masa ranar Laraba."

Lukman ya kau da kai. "Cewa ya yi wai ƙarfen ya tsage. Na'ura ta gwada shi a Kano, ta ce lafiya lau."

"Na'urarka nauyi ta auna, ba ta da kunne." Tsohon ya juya ga Insifekta. "Uwarmu maginiyar tukwane ce. Ba ta taɓa kai tukunya kasuwa ba sai ta ƙwanƙwasa ta. Ni ma haka nake wa ƙarfe. Kawo igiya, Saja."

Ya rataye furofelar a jikin azarar zaure, ya rataye wata tsohuwa ta motar ɗaukar kaya a gefenta. Ya miƙa wa Insifekta sifana.

Insifekta ya bugi tsohuwar furofelar. Ta yi ƙara siririya mai tsawo, har ta fita ƙofa. Ya bugi ta Shaho. Sai wani ɗan sauti ya fito a daƙile, ya mutu nan take.

"Gefen walda ne, inda muka ƙara masa tsawo," in ji tsohon. "Ido ba ya gani. A gudun da yake so, ƙarfen nan zai juya sau dubu bakwai a minti ɗaya. In ya karye ta gaba, zai soki kwalta ya ɗaga motar sama. Ba gawa za a kawo mini ba, buhu za a kawo."

"Kilomita takwas ne kawai!" Lukman ya ɗaga murya. "Zai kai ni. Raina ne, Kawu, ba naka ba. Shekara huɗu garin nan na yi mini dariya, ana ce mini mahaukaci. Gobe zan rufe bakinsu, ko in mutu ina gwadawa. Wa ya ba ka ikon zaɓar mini?"

"Ba wanda ya ba ni. Ɗauka na yi."

Lukman ya juya. "Yallaɓai, na janye ƙara. Kayana ne, an gani. Ba ni in tafi."

"Ba ka isa ba," in ji tsohon. "Na kwance ƙofar mutum da rana tsaka, na ɗauki abin da ba nawa ba, na amsa a gaban hukuma. Insifekta, in ka sake ni ka ci amanar kakinka." Ya miƙa hannayensa biyu.

Insifekta Dalhatu ya tsaya da sifana a hannu. Gaskiyar Lukman ce, kayansa ne, ransa ne, kuma ba yaro ba ne. Tsohon kuwa ɓarawo ne da bakinsa. Ya san in ya bugi wayar DPO yanzu, da kalma biyu za a kashe maganar a miƙa wa mai kaya kayansa. Ya ji nauyin wayar a aljihunsa. Sautin nan da ya mutu a zaure bai bar kunnensa ba.

Ya bar wayar inda take.

"An shigar da ƙara a littafi, wanda ake tuhuma ya amsa laifi. Wannan ƙarfen ya zama shaida. Janye ƙara a rubuce ake yi, a gaban DPO. Litinin yake zama ofis."

"Litinin? Yallaɓai, kai ma ka san abin da kake yi!"

"Na sani," in ji Insifekta. "In kana da ƙorafi a kaina, shi ma Litinin ka kawo."

Saja ya sa wa tsohon ankwa ta gaba. Insifekta ya dube shi.

"Abu ɗaya ban gane ba, Malam. Tunda ba ka son a mayar da shi har abada, me ya sa ka ja masa alama?"

Tsohon ya yi ɗan murmushi. "Na ja? Wallahi ban san na yi ba. Shekara arba'in hannun nan bai taɓa cire furofela babu alli ba."

Lukman ya tare bakin ƙofa, idanunsa jajur. "Kawu, har in mutu ba zan yafe maka ba."

"Madalla. Allah Ya ba ka shekara saba'in kana ƙina." Tsohon ya ratsa ta gefensa ya nufi motar 'yan sanda. Da ya ga Saja zai jingina furofelar a tsaye, sai ya daka masa tsawa. "Kwantar da shi, kai! Shaida ce."

Ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya waiwayo.

"Lukman. In ka yi sabo, kawo shi gidan yari in ƙwanƙwasa maka."