Kan Manomin Ikara

Lokacin da Landirobar 'yan sanda ta tsaya a bakin kasuwar Ikara, dutse na biyu ya riga ya fasa wa Malam Lawal goshi.

Sufeto Tukur Ashafa ya diro. 'Yan doka biyu sun riƙe malamin, jama'a sun kewaye su, wasu na cewa a kai shi gaban alƙali, wasu na cewa a sake shi, aikin Allah ya yi. A bayansu mutum-mutumin siminti ne tsaye, tsawon mutum huɗu, manomi saɓe da damin rake. An yaye tamfol ɗin da aka rufe shi da shi. Babu kai.

Saura kwana biyu a buɗe shi, ranar cikar shekara ɗaya da samun mulkin kai.

"Me ya yi?" in ji Sufeto.

Wani ɗan doka ya ce, "Ranka ya daɗe, wata uku yana wa'azi cewa gunki ne. Mai gadi kuma ya gan shi."

Malam Lawal ya share jini da bakin rawaninsa. "Na faɗa, kuma gobe zan sake faɗa. Amma dubi gwiwoyina. Jaki ma sai an ɗora ni."

Sufeto ya sa Kofur Sada ya kulle malamin a caji ofis, don kada a ƙarasa shi. Ya san in aka wayi garin biki ba a sami wani ba, tsohon nan ne zai tafi gidan yari.

Ya hau tsanin katakon da ke jingine da mutum-mutumin. Ya zaci zai tarar da ɓaraguzai. Wuyan sumul yake. Ƙarafa uku sun leƙo, kuma a kan kafaɗar manomin an jera noti uku, ɗaya kusa da ɗaya, an ma share musu ƙura.

Ya zuba su a aljihu, ya sauko.

Wanda ya gina abin yana zaune a gindinsa tun safe. Zainulabidin Kudan ke nan. Ɗan manomin rake ne da ya fara da gina shanun laka a bakin fadama, wani malamin makaranta ya gani ya tura shi Zariya, daga can aka tura shi ƙasar waje. Ya dawo ya tsayar da manyan mutum-mutumi huɗu a garuruwan da jirgin ƙasa ke bi. Wannan ne na farko a ƙasarsu.

"Sannu, Malam Zainu. An ɓata maka aiki."

"An ɓata."

"Wa kake zargi?"

"Ban sani ba."

"Yaushe rabonka da ganin kan?"

"Ranar Alhamis."

Muryarsa ba hawa ba sauka. Ko kallon wuyan bai yi ba. Sufeto ya sha ganin masu kuka a kan akuya ɗaya, wannan kuwa aikin wata goma sha ɗaya aka sare masa, yana zaune kamar mai jiran mota.

Mai gadi, Jumare, ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Wallahi da idona na gan shi, ran Juma'a, ana masallaci, gari ba kowa."

"Da me ya hau?"

"Da tsani."

"Da me ya cire?"

"Da… gatari."

Sufeto ya ajiye notin uku a kan tebur. "Gatarin nan ya iya kwance noti, Kofur."

"Gatarin ya yi makaranta, yallaɓai," in ji Kofur Sada.

Jumare ya zube. Ba ya nan ran Juma'a. Maigidan aikin, Zainulabidin, da kansa ya aike shi Makarfi sayen igiya, ya ce ya yi sallah a can. Da ya dawo bai ɗaga tamfol ba. Da abin ya tonu, ya ji tsoron a ce ya bar gadi, sai ya kama sunan da ke bakin kowa.

"Igiya ta ƙare ne?"

"Akwai dami biyu a rumfa, yallaɓai. Ni ma na yi mamaki."

Washegari da hantsi suka bi ta Makarfi suka shiga Kudan. Gidan su Zainulabidin a rufe yake. Maƙwabta suka ce mahaifiyarsa, Iya Mero, ta rasu kwana goma sha biyu da suka wuce. Suka nuna musu maƙabarta.

Tsohon da ke kula da kaburbura ya tarye su kamar dama jiransu yake.

"Gara da kuka zo. Ga wani kabari nan ya hana ni sukuni."

Ƙarami ne, sabo, tsakanin kabarin Iya Mero da wani tsoho da ya kusa shafewa. An jera itace, an yaɓe da laka, an yayyafa ruwa, komai bisa ƙa'ida.

"Na jariri ne?"

"Jaririn wa? A Kudan ko ɓari aka yi sai na sani. Na zaga unguwa-unguwa, ba wanda ya yi rashi. Kuma wa ke rufe gawa ba liman, ba maƙwabci?"

"Tsohon kabarin nan fa?"

"Na mijinta ne, Iliyasu. Shekara ashirin."

Da izinin mai gari aka tona. Farin likkafani ne, an ɗaure shi da kyau. An kwantar da abin ta gefen dama, yana fuskantar gabas. Kofur Sada ya warware, sai ga kan manomin siminti. Tsohon ya leƙa, ya ja da baya, ya dafa ƙasa.

"Innalillahi! Iliyasu ne. Har tabon da lauje ya yi masa a haɓa."

Da la'asar suka koma Ikara. Zainulabidin yana inda suka bar shi. Sufeto ya zauna kusa da shi, ya ajiye notin a tsakaninsu.

"Da ka jefa shi rijiya, da har abada ban gano ba."

"Fuskar ubana ce. Ba zan jefa ta rijiya ba."

"Faɗa mini."

"Ba mu da hotonsa. Daga kaina na gina shi. Na ɗauko Iya a mota, na ɗaga mata tamfol, ina jira ta sa mini albarka. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, 'Mun rufe shi ya huta, ka tono shi ka tsayar a rana.' Ba ta sake yi mini magana ba. Ranar da za ta cika na riƙe ƙafarta, na ce Iya ki yafe mini. Ta juya ta kalli bango."

"Malam Lawal fa? Kana zaune aka fasa masa kai."

"Na gani." Ya dubi tafin hannunsa. "Na so in tashi. Tun da aka rufe ta ba na jin komai, Sufeto. Ko yunwa."

Ya miƙa hannuwansa da kansa. Kofur ya sa ankwa.

A ƙofar caji ofis suka yi kiciɓis da Malam Lawal, an sake shi, goshi a ɗaure. Ya riga ya ji labari. Ya dubi mai ankwar, bakinsa ya motsa kamar zai fara wa'azi.

"Allah Ya jiƙan mahaifiyarka," ya ce, ya wuce yana ɗingishi.

Sufeto ya zauna zai rubuta rahoto. Bai gama layin farko ba wata mata ta shigo, ƙafafunta butu-butu da jar laka, riƙe da tikitin jirgin ƙasa da ya yamutse.

"Nan aka kawo mai gina mutanen siminti?"

"Nan ne. Daga ina?"

"Daga nesa. Akwai ɗaya a tashar garinmu, fuskar yayana ce a jiki. Shekara huɗu ke nan da ya ce mana zai je ya zauna a gaban maginin nan a auna fuskarsa." Ta ajiye tikitin a kan tebur. "Tun ranar ba wanda ya sake ganinsa."

Sufeto ya dubi ƙofar ɗakin tsaron da aka kulle Zainulabidin. Ya ture rahoton gefe, ya jawo sabuwar takarda don buɗe sabon bincike.