Tuwon Suruka

Ranar da Nomau ya fara shiga rumfar abincin Inna Larai a Sabon Gari, bai san kowa a Damagaram ba in ban da daraktan lakwal ɗin da aka turo shi koyarwa. Ya ratsa 'yan kabu-kabu, masu haya da babur, suna ta hayaniya, ya samu kusurwa ya zauna, ya ba titi baya kamar marar gaskiya. A garinsu Dakusa babban mutum ba ya cin abinci a bakin hanya.

Wasila, autar Inna Larai, ta ajiye masa tuwon gero da miyar kuka. Ya wanke hannu, ya ce "Bismillah" yana waiwayen wanda zai yi wa tayi. Babu kowa kusa da shi.

"Mushe, ni ka yi wa tayin? Na gode, na ƙoshi," in ji ta tana dariya. Mushe ake ce wa malamin lakwal a nan.

Ya ɗago ya dube ta, lomar ta tsaya a hannunsa har miya ta ɗiga masa a wando.

Daga nan kusurwar ta zama tasa. Ɗakin da yake haya babu komai sai katifa da buta da rediyo, kuma duk faɗin garin Wasila kaɗai ke tambayarsa ya gajiya. Ta raɗa masa Na-Kusurwa, shi kuma yana ce mata Sanyin Randa. Wata rana bayan ya koma lakwal saƙonta ya shigo salularsa:

"Na-Kusurwa, yau ka rage tuwo. Miyar ce ba daɗi, ko mai zubawar ce ta gundure ka?"

Ya amsa: "Sanyin Randa, kallonki ne ya cika mini ciki."

Sai dai Inna Larai tana da nata gwanin, Mutari mai butik, wato kanti, a Kasuwar Dole, wanda in ya zo har lemu yake saya wa jama'a. Da Nomau ya ɗauko kawunsa daga Dakusa aka kai goro gidansu Wasila, Inna ta ce sai ta yi shawara. A rumfa kuwa ba ta ɓoye ba.

"Baƙon da ba mu san gidansu ba? Mutumin da tuwon saye ya riƙe shi?"

Ita da take sayar da tuwon!

Tun daga ranar goron nan Nomau bai ƙara taka rumfar ba. Wasila takan zuba tuwonsa ta rufe da faifai, azahar ta wuce, tuwo ya sandare. Ta rubuta masa: "Lafiya? Tuwonka ya huce." Ya amsa: "Lafiya lau. Ba zan iya zuwa ba yanzu." Shi a ganinsa dalilin a fili yake, ko yaro ya sani. Ita kuwa ta ɗauka maganar Inna ce ta isa kunnensa ya yi zuciya. Ta yi kuka a bayan tukwane, ta ce hayaƙi ne, ta kuma daina amsa kiransa.

Mutari ya gaje kusurwar. Yakan baje, ya suɗe yatsu, ya ɗaga murya: "Inna, a ƙaro miya! Ai mushenku ya samu wata rumfar."

Wata rana da hantsi Inna Larai na dawowa daga cefane ta hangi Nomau a teburin mai shayi, shi kaɗai, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yana ganinta ya cusa burodin da yake ci a aljihu, ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Kai ne ka wahalar mini da 'ya? Tuwona ne ya yi maka tsami?"

"Inna, ki gafarce ni," ya ce kansa a ƙasa. "Tun da Kawu ya kai goro kin zama surukata, ko kin ba ni ko kin hana. Da wane ido zan tauna abinci a gabanki?"

Inna ta tuna gida. A karkara, can Zermu, aka haife ta, kuma marigayi mijinta har ya koma ga Allah ko ruwa bai taɓa sha a gaban uwarta ba. Ta daɗe tana ciyar da birni har ta manta. Kewar marigayin ta taso mata, ta ja gefen mayafi ta goge ido.

Da ta koma rumfa ta dire kwando ta ce wa Wasila, "Daga yau da azahar ina da unguwa, kuma zan riƙa daɗewa. Ki gaya wa wancan mai kunyar kafin yunwa ta kashe mana shi."

Wasila ta ɗauko salula ta rubuta: "Na-Kusurwa, Inna ta fita. Taho, ka yafe mini."

Bayan kaka aka ɗaura aure, 'yan kabu-kabun rumfa suka yi wa amarya rakiya suna ta danna ham. Inna ta dafa kan ango da amarya ta ce Allah ya sa albarka, ya ba su zuri'a masu kunya.

Washegari da rana kwanon burabusko ya iso daga rumfa. Nomau ya wanke hannu, ya ce "Bismillah", ya waiwaya kamar yadda ya saba.

Wasila ta matso ta zauna, ta sa hannu a kwanon.

"Yau kam ban ƙoshi ba," in ji ta.