Man Aduwar Mairama

"In kasuwa biyu ta ci ba ki saida man nan ba, kudu za mu yi. Na gama magana, Mairama."

Kawu Dikko ke nan, wanda ya raine ni. Bai ko dube ni ba, yana ta ɗaure akuyarmu. Fari ya cinye mana shanu talatin, ya yada mu a gefen garin Gangara da akuya biyu. Kudu kuwa nufinta rabuwa da saurayina Inusa.

Gyaɗa ba ta yi ba shekara biyu, man gyaɗa ya zama sai wane da wane. Aduwa kuwa ko a jikinta. Ni ke tsinto ƙwallonta, in fasa, in dafa har ɗacin ya fita, in matse mai garau. Amma in na kai kasuwar Gazawa, sai mata su shinshina su wuce.

Ran nan Inusa ya same ni na zabga tagumi gaban kwalabena. Manomi ne ɗan gidan asali, fari ya maida shi mai facin taya, yana bin kasuwanni da kekensa.

"Fillona, wa ya taɓa mani ke?"

"Mutanenku mana, Kaɗo! Ga mai, ga buƙata, an ƙi saye."

"Ba man suka ƙi ba, idon mutane suke tsoro. Saudatu ta bi gida-gida tana cewa abincin yunwa ne, duk wadda aka gani da kwalbarki rumbun mijinta ya ƙare."

Saudatu ɗiyar mai saida man gyaɗa ce, kuma ta daɗe da ɗora ido kan Inusa.

"To rumbun wa ya rage?" na ce.

"Ba ko ɗaya. Amma ba mai son a fara da shi." Ya sassauta murya. "Zan saida kekena, a biya mai shela ya zagaya kasuwa."

"Ka saida abin neman abincinka? Wallahi ban yarda ba!"

"To in zuba ido ki tafi? Mairama, in kin tafi..."

Na duƙa ina gyara kwalabena. Ina son mutumin nan, so mai tsanani. Ga Inna Tala, mahaifiyarsa, ta riga ta ce ɗanta ba zai auri wadda gidanta ke bisa jaki ba.

Cikin makon yayar Inusa ta haihu a gidan Inna Tala. A nan dabara ta zo mani, don a garin in ana suna, duk gudummawar da mace ta kawo sai maroƙiya ta ɗaga ta, ta faɗi sunan mai ita.

Na sami Barira maroƙiya tana ɗingishi, faso ya tsattsage mata dugadugai. Na zauna na shafe mata su da man, kwana uku ina zuwa. Ban roƙe ta komai ba sai abu guda.

"Iya, in na kawo nawa, ki faɗe shi da sunansa. Kada ki sakaya."

"Ke ɗiyar nan, ba ki tsoron dariya?"

"Na fi tsoron kudu."

Ranar suna na shiga da kwalabe huɗu. Gida cike da mata, ga ƙullun waina an dama, amma tanda a bushe. Man da aka samo ko rabin kwalba bai kai ba. Inna Tala na ta kai da kawo, zufa na keto mata.

Barira ta ɗaga kwalba sama, ta rangaɗa guɗa.

"Ayyururui! Mairama ta Dikko ta kawo man aduwa, kwalba huɗu! Ku dubi ƙafata, mata, jiya faso, yau sai rawa!"

Saudatu ta tuntsire da dariya.

"Ashe gidan Inna Tala ma an kai ga aduwa!"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don ban zo in kunyata tsohuwar nan ba. Inna Tala ta dubi tanda, ta dubi baƙinta, sannan ta dube ni. Ta miƙa hannu ta amshi kwalbar.

"An kai, Saudatu. Gidan wa ba a kai ba? Mai rumbu cike ta ɗaga hannu."

Ba wadda ta motsa.

Da hannunta ta tsiyaya man. Ƙamshi ya tashi, waina ta yi ja, har Saudatu sai da ta ci uku, ina lissafe. Kafin la'asar mata tara sun ce in aje masu.

Kasuwa ta gaba, tun kafin azahar kwalabena suka ƙare. Ina ɗaure kaya sai ga Inna Tala da kanta, Inusa na bayanta riƙe da keke, bakinsa har kunne. Kawu Dikko ya taso suka gaisa.

"Malam Dikko, an ce kudu za ku?"

"Haka muka yi niyya, Inna."

"To ku sauke kayan jakin nan. Gobe baffannin Inusa za su zo da goro." Ta juyo gare ni tana harara. "Ke kuma, Fillo, kwalbata fa?"

"Sun ƙare, Inna."

"Sun ƙare? To ki zo gida ki matsa mani, turmina ya fi naku."