Tsohuwar Kwamfutar Alhaji Hamajoɗa

Ranar da Zulaihatu ta fara shiga shagon Hamman a unguwar Damilu, sai da ta tsaya a bakin ƙofa ta yatsine fuska. Tsofaffin kwamfutoci ne masu ƙatuwar ƙeya jere har rufi, kamar tukwanen biki. Mai shagon kuwa, gandamemen saurayi da gemu, ya duƙufa yana tuƙa wata 'yar mota mai kusurwa huɗu a allo, ko ɗago kai bai yi ba.

"Malam, nan ake gyaran laftof, ko gidan tarihi na shigo?"

"Minti ɗaya, Hajiya. Bari in tsallake gada."

Ta ja tsaki. "Ƙato da kai, kana wasan yara a injin da ya girme ni."

Ya juyo, ya dubi laftof ɗin da ta rungume. "Ya girme ki, amma bai taɓa mutuwa ana gobe miƙa furojet ɗin makaranta ba."

Dama abin da ya kawo ta ke nan, sai ta miƙa masa laftof ɗin. Kafin ya gama gyaran ya tura mata kujera ya ce ta gwada wasan motar. Ta zauna da niyyar nuna masa abin banza ne. Sau tara motarta na faɗawa rafi. Da ya ce an gama, ta ce, "Tsaya mana, wai sauri kake?"

Daga nan laftof ɗin Zulaihatu ya koma lalacewa duk sati, kuma ba a taɓa gano ciwon ba.

Wata rana ta tura masa saƙo: "Malam Gwangwani, na tsallake gadarka jiya. Ka nemi wata sana'a."

Ya amsa: "'Yar Raini, na gani. Ni ma akwai gadar da nake so in tsallake, tana cikin garin Yola, a ƙofar gidanku. Kin yarda in zo?"

Ta ba da amsa da kalma biyu: "Ka zo."

Mahaifinta, Alhaji Hamajoɗa, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai kamewa, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa a bainar jama'a ba. Da aka yi masa bayanin sana'ar Hamman, sai ya ce, "Mai tattara shara yana wasa da ita? Ba zan ba da 'yata ga wanda bai gama yarinta ba."

Dama akwai wanda yake so. Abba, ɗan amininsa, mai shagon sababbin wayoyi a Jimeta, wanda turarensa ke riga shi shiga gida, kuma ba ya iya gaisuwa sai yana juya makullin mota a yatsa. Duk abin da ya wuce shekara biyu, a wurin Abba bola ne.

Ana cikin haka sai dangi suka nemi jerin sunayen kakanninsu, wanda Alhaji ya buga tun yana aiki daga bakin yayansa marigayi. Yana cikin tsohuwar kwamfutar da ya saya a gwanjon ofis, ita kuma ta shekara goma ba ta kawo wuta ba. Abba ya zo ya taɓa ta da ƙafa ya ce, "Baba, wannan sai 'yan jari bola." Goggo Adda, ƙanwar Alhaji, ita ce ta ce a kai wa yaron Damilu, tunda an ce shara ce aikinsa.

Kwana shida Hamman yana fama, a na bakwai ta tashi. Sunayen kakanni suna nan lafiya lau. Amma a gefe ya ga wani tsohon wasan jirgi mai harbi. Ya buɗe allon gwanaye, ya ga layi goma, kowanne da suna ɗaya, Hamajoɗa, ga kwanan wata na shekaru ashirin da suka wuce, duk ranakun aiki. Ya yi dariya har ya share hawaye. Bai goge ba, don ba kayansa ba ne, kuma bai gaya wa kowa ba, har Zulaihatu.

Ranar Asabar ya kai kwamfutar zauren Alhaji, dattawan gida sun hallara. Ana karanta sunaye ana wa mamata addu'a, Abba kuwa baƙin ciki ya hana shi zama. Ya miƙa hannu ya danna wani ɗan hoto. Sai ga kiɗan wasa, tit-tit-tit, ya cika zauren.

"Kun gani ko?" in ji Abba yana dariya. "An ba shi amanar kakanni, ya zuba wasan yara a ciki! Bari mu ga gwanayen."

Hamman ya hango Alhaji ya ƙame, carbinsa ya tsaya cak. Ya yi wuf ya rufe wasan, ya durƙusa.

"A yi haƙuri, Baba. Ni na saka, don gwaji. Kuskurena ne."

Wani dattijo ya yi tsaki. Wani ya ce yaran yanzu ba su san girma ba. Hamman ya shanye duka, kansa a ƙasa, ya yi sallama ya fita.

Zulaihatu ta ji komai ta bayan labule, ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta rubuta masa: "Dama ɗaya muka samu, ka ɓata ta saboda wasa. Ashe gaskiyar Baba ce. Kar ka kira ni."

Ya amsa: "Na ji, 'Yar Raini. Ina sonki duk da haka."

Kwana uku ba su yi magana ba. A na huɗu, bayan la'asar, Alhaji ya aika a kira Hamman. Su biyu ne kawai a zaure.

"Da kake gyaran nan, me ka gani a ciki?"

"Sunayen kakanni, Baba."

"Sai me?"

"Ban ga komai ba, Baba."

Alhaji ya gane asirinsa yaron yake rufewa. Shi da ya shekara talatin yana gina kwarjini, ya san sarai irin dariyar da ƙannensa za su yi ta yi masa har ya koma ga Allah, da Abba ya ƙara danna maɓalli ɗaya.

"Na raina ka, yaro, kuma ban kyauta ba," ya ce a hankali. "Wanda ya yarda a zage shi don kar a yi wa dattijo dariya, 'yata ba za ta tozarta a gidansa ba. Ka turo manyanka."

Da ya shiga gida ya ce wa Zulaihatu, "Yaron nan bai yi laifi ba. Kar ki tambaye ni dalili."

Nan take ta rubuta wa Hamman: "Malam Gwangwanina, ka yafe mini. Ban san me ya faru ba, amma na san na zalunce ka."

"Na yafe tun kafin ki tura, amaryata."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a Yola. Abba bai zo ba, ya aiko cewa motarsa tana wurin wanki. Alhaji da kansa ya kama hannun 'yarsa ya damƙa wa Goggo Adda, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai kunya, jama'a suka amsa da amin.

A gidansu na Nassarawo, Zulaihatu ta sha tambayar mijinta abin da ya shiga tsakaninsa da Baba. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi shagwaɓa. Har yau bai faɗa mata ba.