Mai Fere Waya da Haƙori

Haƙoransa Rufaida ta fara gani. Ta raka yayanta Isma'ila rumfar gyaran babur a bakin kasuwar Anka, za a ƙara masa fitilu saboda ramukan hanyar Bukkuyum. Mai gyaran, wani siririn saurayi da ake kira Abdulbasit, ya tsinci jar wayar lantarki a ƙasa, ya sa a baki, ya fere robar da haƙori ya tofar.

Ta yamutsa fuska don ƙyama. Yawancin baburan da ke rumfar na masu ɗauko dutsen zinari ne daga daji, ƙurarsu ta rufe ko'ina.

"Malam, ba ka da filaya ne?" Ba ta san maganar ta fito fili ba.

Ya ɗago, guntun roba manne a leɓensa. "Ga wadda Allah ya ba ni, Hajiya. Ba ta ɓata, ba a aro."

"Allah ya sawwaƙe."

Ta kau da kai, amma kunnenta na wurin. Ya ja waya daga batir ta bi ta fiyus, ya ɗaura ɗan makunni a hannun babur daidai babban yatsa, ya naɗe mahaɗar da salatif. "In ka shigo gari ka kashe," ya ce wa Isma'ila. "Mutane na cin tuwo ƙofar gida, ba kyau ka haske musu kwano."

Maganar nan ta bi ta har gida. Ƙyamar ma ta biyo ta.

Ba a jima ba saƙo ya shigo wayarta: "Salam. Mai ƙazamin baki ne. Isma'ila ya ba ni lamba bayan na sha roƙo."

"Ka wanke bakin?"

"Har da asuwaki, ranki ya daɗe."

Ta aika masa da filaya ta hannun Isma'ila. Ya rubuto: "Ta iso, Gimbiyata. Haƙorana sun yi ritaya." Ta kifa wayar a ƙirji tana murmushi, ta kuma ji haushin kanta.

Mahaifiyarta Inna kuwa ko sunansa ba ta son ji. A Dareta suke da zama shekarar da gubar dalma ta shiga gidaje, lokacin da ake daka dutsen zinari a tsakar gida kamar gero. Mu'azu, ƙanen Rufaida, yana rarrafe a ƙurar nan har jijjiga ta kama shi, bai tashi ba. Tun da suka dawo Anka, Inna ba ta barin takalmin kowa ya wuce zaure.

"Wanda ka kwana cikin ƙurar baburan 'yan haƙa?" ta ce. "Na rufe ɗa guda, ba ni rufe jika. Ga Maikuɗi nan, hannunai ko ƙasa bai taɓawa."

Maikuɗi dillalin zinari ne mai neman auren Rufaida, kullum cikin farar shadda. Turarensa kan riga shi shigowa, ya kuma daɗe bayan ya tafi. In yana zance sai ya riƙa sakace haƙori yana duba abin da ya fito. Rufaida takan ja mayafi ta rufe hanci, shi kuwa ya ɗauka kunya ce.

Ta rubuta wa Abdulbasit abin da Inna ta ce. Amsar ta daɗe. "Inna ta yi gaskiya. Ki ba ni lokaci, Gimbiya."

Wata ranar Alhamis bayan magariba Maikuɗi ya zo da sabon babur, fitilu jere a gabansa kamar motar biki. Ya hana a sa musu makunni, wai don a gani aka yi fitila, saboda haka muddin injin na aiki suna ci. Ya tsaya daf da ƙofa, ya bar shi a kunne, haske ya ratsa zaure har tsakar gida inda Inna ke lazimi.

Ta fito tana kare ido da hannu. Daidai nan ya kwance wani buhu daga bayan babur, ya shigo da shi, ya sake shi a kan tabarmar baƙi.

"Kar ɓarayi su gani, Inna. Dutse ne mai kyau, daga Sunke."

Ƙura ta tashi. Da duhu ne ba wanda zai lura, amma cikin hasken nan sai ga ta tana yawo, launin toka, tana sauka a kan kofin ruwan da Rufaida ta kawo.

Inna ta san wannan ƙura.

"Ɗauke kayanka," ta ce a hankali. "Kak ka sake tako min gida."

Da ya tafi, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta naɗe tabarmar da kofin ciki, ta fita yarwa. A bakin famfon unguwa ta ga mutum durƙushe yana cuɗa hannu da sabulu har gwiwar hannu, yana kurkure baki. Baburinsa na can nesa gindin dalbejiya, fitilu a kashe, rigar aikinsa ƙulle cikin leda.

"Wane na nan?"

"Abdulbasit ne, Inna. Ina wuni."

"Kullum haka kake yi?"

"Tun da Rufaida ta ba ni labarin Mu'azu."

"Nuna min farcenka." Ya miƙa. Ta juya hannun ta duba, ta taɓe baki. "Da saura. Ka yanke su, sannan ka turo manyanka."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure, dangi suka zo daga Gummi da Nasarawa Burkullu, aka yi addu'ar zaman lafiya da zuri'a mai albarka.

Da Inna ta je ganin ɗakin amarya, ba ta kalli gado ko jeren kwanuka ba. A waje ta tsaya, inda ango ya kewaye wurin wanka kafin a shiga gida, ga ƙusar rataye kayan aiki, ga bokiti. Ta shafa dakalin wurin da yatsa, ta duba yatsan.

Daga ciki tana jin muryar 'yarta: "Angona, in na sake ganin waya a bakinka, a rumfa za ka kwana."

"Na tuba, Gimbiya."

Inna ta kwance bakin zanenta, ta ajiye sabon sabulu kusa da bokitin, ta sa takalmanta ta fita.